Asusun Baduku

Shekara talatin da ɗaya ina dukanci a Marwa,
ban taɓa sayar wa wanda ban ga idonsa ba.
Mutum ya zo, ya shinshina fata, ya ja ɗinki da farce,
ya taya, in ce albarka,
ya tafi kamar ya yi fushi, ya dawo,
mu rabu kowa na zaton shi ya yi wayo.

Sai Dudu, 'yar ƙanena, ta dawo daga karatu a Ngaundere
da waya mai tsagaggen gilashi.
Ta jera jakunkuna bakwai a tabarma, ta ɗauki hotonsu.
Ta ce, Baffa, akwai masu so a Duwala, har ƙetaren teku,
sai dai hannunsu ba ya isowa nan, sai kati.
Kati kuwa ba ya sauka a aljihun riga,
sai an gina masa masauki a banki,
asusun 'yan kasuwa.

Sawu biyar na yi.
Suka nemi takardar haraji, suka nemi rajistar shago,
har takardar kuɗin wuta, wai su san inda nake kwana,
ni da ko awakin Domayo sun san ƙofata.
Yaro mai kwat ya tambaye ni,
nawa kake sa ran samu a wata?
Na ce wannan sai Allah.
Ya duba takarda, ya ce babu gurbin rubuta haka.

Daren wata Laraba wayar ta yi ƙara sau ɗaya.
Wata mace a Liyon ta sayi jar jaka mai tuntu,
ina barci, shago a rufe,
basilla a soke cikin ƙirgi.
Jaka ɗaya, jaka arba'in ta sefa.
Na ce to, ina kuɗin?
Dudu ta nuna mini lamba a gilashi.
Na shafa da yatsa, ba ta da kauri.

Bayan kwana huɗu suka iso da rama.
Mai kati ya yanki nasa, banki ya yanki nasa,
an riƙe ɗaya cikin goma sai bayan wata shida,
wai ko da mai saye zai yi ƙorafi.
Dillali ma yana cin la'ada, na sani,
amma dillali yakan zo suna,
in ka kwanta ciwo ya leƙo.

Ƙorafin kuwa ya zo, cikin damina,
ranar da Mayo Kaliyawo ya cika ya kawo.
Wani a Yawunde ya ce takalmansa ba su isa ba.
Kafin a ji ta bakina an kwashe kuɗin,
har da tara a kai.
Shari'a ce babu alƙalin da za ka durƙusa wa,
babu rantsuwa, sai takarda.
Muka juye kwali uku a tsakar shago,
muka sami rasiɗin tashar mota, da sa hannun ƙaninsa,
ruwa ya ci rabin tawada.
Dudu ta ɗauki hoton rabin da ya rage.

Kwana arba'in da biyu.
Kuɗin suka dawo, tarar ba ta dawo ba.

Mahaifina yakan ba fatake bashi sai kaka,
ya ɗaura ƙulli a tsirkiya, ba ya ko rubutawa.
Ni yanzu banki nake bi bashi
ba tare da ya roƙe ni ba.

Duk da haka jiya na biya Hammajam majemi
kuɗin fata goma sha biyu, lakadan.
Ya ƙirga, ya ce kasuwa ta buɗe ke nan?
Na ce ban sani ba, ban ga kowa ba.
Na koma na zauna gindin dalbejiya,
na ja zare da haƙori,
kunnena ɗaya yana wajen waya.