Sisin Cikin Kwano

Lahadin ƙarshen Nuwamba, garin Skipton ya jiƙe sharkaf.
Na sauko da kwanon tangaran na Mama Enid daga saman kabad,
wanda ya tsage a baki tun ina rarrafe.
Bana ce ta farko da babu ita.

Takardarta ta yi ja, maiƙo ya cinye rabin rubutun:
zabibi baƙi, zabibi ja, kitsen ƙodar sa,
ɓarɓashin burodin jiya, ɓawon lemo,
kirfa, kanumfari, ƙwai, baƙin sukari.
Takan ce kayan fudin goma sha uku ne,
Almasihu da manzanninsa.
Na ƙirga sau biyu, sha ɗaya na samu.
Ko ta manta, ko ta tafi da biyu a baki.

Takan ce ba haka aka haife shi ba.
Can da can fate ne, da nama a ciki,
da busassun 'ya'yan itace, ana kurɓa da cokali.
Zamani ya tsame naman, ya bar kitse yana gadi,
aka ƙulle shi a ƙyalle, aka jefa tukunya,
ya fito dunƙule kamar kan jinjiri.
Da yaƙi ya zo, zabibi ya koma sai da kati,
aka goga karas da dankali,
aka ce masa, yi haƙuri.
Ya yi.

Kowa sai ya tuƙa, haka doka take,
daga gabas zuwa yamma, hanyar masu bin tauraro,
ido a rufe, buri a ciki, ba a faɗa.
Jikata Tamsin ta kama cokalin katako da hannu biyu,
ta runtse har goshinta ya tattare,
ta buɗe ta ce, ɗan kwikwiyo nake so.
Shi ke nan, ta zubar.

Saura sisin azurfa.
Kasuwa ta sallame shi tun ina 'yar makaranta,
amma a gidan nan bai taɓa ajiye aiki ba.
Shekarar da aka rufe masaƙa, Baba ne ya ci karo da shi.
Shekarar da Clive ya faɗi jarrabawa, Clive.
Shekarar da na yi ɓari, ni.
Mukan ce sa'a ta san ƙofar mai kuka.

Ina danna ƙullun, yatsana ya faɗa tsagar kwano,
sai na tsaya cak.
Tsagar nan takan bar zane a jikin fudin,
siriri kamar zare.
Nan take cusa sisin.
Nan take ɗora wuƙa, tana kallon wani wajen.
Shekara arba'in tana yi wa sa'a jagora,
ba ta ko tari ba.

Awa takwas yana shan tururi,
murfi na ƙwanƙwasa, tagogi na gumi,
ina ƙara ruwa, ina goge ido, ina cewa tururi ne.
Sannan ya shiga ɗakin sanyi ya yi wata guda,
duk mako in ba shi cokalin barasa,
kamar tsohon da ake lallashi.

Ranar Kirsimeti Clive ya zo daga Hull,
shekara biyar rabon da mu gaisa,
da kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa.
Muka kashe fitila.
Na cire ganyen nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya,
na zuba barasa, na ƙyasta ashana.
Shuɗiyar wuta ta zagaya shi tana lasa, ba ta ƙona ba,
ta haska mana fuskoki, ta mutu.

Na laluba zaren a duhu-duhu.
Na yanka ina kallon taga.

Cokalinsa ya yi ƙara.
Tamsin ta yi tsalle, Kawu ya ci, Kawu ya ci!
Ya goge sisin da babban yatsa, ya juya shi,
ya daɗe bai ɗago ba.
Da ya ɗago, ba ni ya kalla ba,
kwanon ya kalla, can bisa kanta,
ya ce, har yanzu ba ki sake shi ba.
Na ce, a'a.
Ya ce, kada ki sake.