Kogin da ke ɗakina

A ɗakina na Kabala akwai kogi,
tsawonsa kamu biyu, zurfinsa kamu ɗaya.
Wani mai yankan gilashi a Panteka ya haɗa min shi
da kuɗin da na ce wa Ramlatu na gyaran babur ne.
Mutum biyu ke sarauta a ciki:
Lalle, ja kamar tafin da ya kwana da ƙunshi,
da Kwalli, wanda ba ya fitowa sai an kashe fitila.

Ran Asabar na yanki tikiti biyu,
muka shiga gidan kallon kifi ni da Nusaiba.
Sanyi ne ya fara gaishe mu,
sannan wani shuɗi da marina ba su san shi ba.
Ruwa ya miƙe tsaye kamar katanga,
ya fi ni tsawo, bai zube ba.
Nan na gane ashe ni ne kifin rijiya.

Giwan ruwa ya gifta a hankali
kamar tirela mai hawa gadar Kawo.
Talibambam ya cika ya batse, wai shi fushi,
yara suka kwashe da dariya.
Minjirya na kwance can gefe, babu ruwanta,
ita kaɗai ce a garin nan ba a ɗauke mata wuta.

Jama'a na ta ɗaukar hoto.
Ni kuwa na durƙusa ina leƙen bututu,
ina bin kumfa da ido in ga inda take fitowa,
ina lissafin jarka nawa za ta cika wannan.
"Baba, kifi ka zo kallo ko famfo?"

A kwana ta ƙarshe, bayan wani dutse,
na hango wata 'yar karfasa ta raɓe,
fiffike a naɗe, numfashi sama-sama,
farin ɗigo a jikinta kamar an barbaɗa gishiri.
Na san wannan gishirin.
Shi ya cinye min huɗu a daminar bara,
na binne su a gindin gwanda, ban gaya wa kowa ba.

Na taɓa kafaɗar mai tsaron wurin,
sunansa a ƙirjin riga: Shekari.
Ya dubi kifin, ya dube ni, ya daɗe.
"Tun safe ake wucewa, ba wanda ya gan ta.
Kai ma kana da su, ko?"

Ya buɗe mana ƙofar da ba a buɗe wa baƙi.
Babu shuɗi a can,
sai bokitai, da tiyo, da ƙarnin gansakuka,
da wata moɗar roba rataye a ƙusa.
"In janareta ya yi gardama, da ita muke kwana,
a ɗiba, a ɗaga, a zuba,
har iska ta koma cikin ruwa."

Na yi dariya har da ƙwalla.
Moɗata kore ce, tasa ja.
Ƙarfe biyun dare, unguwa duhu,
Ramlatu riƙe da fitilar waya tana hamma,
tana cewa, "Ko ni ba a yi min wannan jinya ba."

Da za mu koma, keke ya hau gada.
Kogin Kaduna na tafiya ƙasa, ruwansa kalar kunu,
bai nuna wa kowa abin da ke cikinsa.
Nusaiba ta yi barci a cinyata, tikiti a hannu.

Ina tura ƙofa, Lalle ya taso,
ya manna baki a gilashi yana rawa.
Duk ƙattin da na gani yau
babu wanda ya juyo don ni.
An ce kifi na ganinka, mai jar koma.
Ni ba ni da koma, ɗan cokali gare ni,
kuma ya gan ni.

Kwalli dai bai fito ba.
Na kashe masa fitila.