Dokin da Babu Shi

Hamdiya na kai, ba kaina ba.
Na zauna a benci da awon rigar wani a aljihu,
ina jiran a tashi mu kama hanyar Aboabo
kafin magariba ta rufe mu.
Wurin tsohon sito ne na buhunan koko a bayan Asawase,
har yau in rana ta doki kwano
bango yakan tuna da warinsu.

Boakye, malaminsu, siriri kamar sillen kara,
ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai gishirin Tonanci:
"Kai tela ne."
Ban faɗa masa ba.
Shekara ashirin da shida a kan keken ɗinki
sun rubuta sana'ata a ƙashin bayana.

Na ce ba ni da kuɗin wata.
Ya ce wandunan yara goma sha tara
duk sun yage a wuri guda.
Haka aka yi ciniki: allura ta biya wa gwiwa.

Na ce, to, amma sunkuyona na Mai Sama ne.
Ya ce, dunƙule dama, lulluɓe ta da hagu,
gaisuwar ke nan:
hannun da zai iya,
da hannun da ke ce masa dakata.

Na zaci naushi za a koya mini.
Ashe tsayuwa ce.
Buɗe ƙafa, sauke ƙugu,
hau dokin da babu shi,
ka zauna a kan iska har a gama ƙirga.
Ba a kai bakwai ba cinyoyina suka kama rawar ɗari.
Zufa ta bi gemu,
ta ɗiga a siminti, ɗis, ɗis,
yara suna kallon rufi don kada su yi dariya.

A teburin mai shayi labari ya riga ni isa.
Ɗantani ya ce tsufa ya zo da gardama.
Gariba mahauci ya ɗaga hannu kamar mai sara,
ya ce ga kunfu na gaskiya, har da riba.
Na sha shayina.
Matakala uku na ƙofar masallaci
sun zame mini dutse a daren nan.

A gida ni ke cewa, Hamdiya, ɗebo ruwa.
A nan ta girme ni da wata takwas.
Takan taɓa kafaɗata da yatsa ɗaya:
"Baba, saki.
Kana riƙe numfashi kamar kuɗin adashi."

Wata Laraba wuta ta ɗauke muna tsakiyar darasi.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Boakye ya ce ba mai motsi zuwa ƙofa.
Muka ci gaba a duhu,
tafin ƙafa ashirin da wani abu suna shafar ƙasa,
daga nesa yaran mota na kiran Kejetia, Kejetia,
ni kuwa a karon farko
na ji inda nauyina yake zaune.

Daren nan ne ta kayar da ni.
Ban ga ƙafar ba, na dai ji ƙasa ta zo.
Na faɗi yadda aka koya mini,
haɓa a ƙirji, tafi ya mari siminti,
sai na ji ina dariya a kwance,
ita kuma tana laluben fuskata tana cewa, ka ji ciwo?

Har yanzu ban fasa ko allo ɗaya ba.
Ɗamarata tana nan launin da na fara da shi,
ni ma na ɗinka ta.
Amma jiya da sassafe, a shago,
na ɗaga allura ta fuskar taga,
na saki kafaɗa, na saki numfashi,
zare ya shige a karo ɗaya.
Ba wanda ya gani.
Na dunƙule dama, na lulluɓe ta da hagu,
na gai da keken,
na zauna.