Gari a Gira

Tun ladan bai yi gyaran murya ba nake tashi,
in kunna fitilar waya, in buɗe littafi.
Shafi uku na ci, na huɗu ya cinye ni,
na farka ƙorai sun ja layi a bakin rumfa.

Injin Haladu ba ya jin lallashi.
Sai ka murɗa hannunsa har kafaɗa ta amsa,
ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi,
in ya buɗe baki kuwa, sai hantsi ya dubi ludayi.

Dawar Iya Tabawa, kwano biyu, kar ta yi tsaki.
Geron gidan Liman, a maimaita shi sau biyu.
Masarar Uwale bashi ce, wai in rubuta.
Na rubuta mata a bayan takardar darasi,
daidai inda aka ce yaro da wasa yake koyo.

Sha ɗaya ta yi, in miƙa wa ƙanena Sagiru,
in kaɗe riga, in ɗare bayan babur ɗin Mati.
Daga ƙauyenmu zuwa Gumel
na san kowane rami da sunansa,
a kansu nake tilawar abin da na karanta,
wani ya zauna, wani ya zube a hanya.

Ran nan Malam Isiyaku ya leƙo ta saman tabarau:
"Kai har ka fara koyarwa? Ga alli a girarka."
Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su.
Ban ce masa garin dawa ne ba.
Ban ce masa injin ya biyo ni cikin kunne ba,
yana niƙe rabin abin da yake faɗa
kafin ya kai ga alƙalamina.

Ladan wuni, babur ya ci rabi,
mai hoton takardu ya suɗe kwanon.
Haladu ya ce, "Nafi'u, taura biyu ba ta taunuwa."
Na ce to, alhali duka biyun suna kumatuna.

Sai jarrabawa ta faɗo ranar Laraba,
jajibirin biki a gidan Sarkin Noma.
Buhu huɗu a jingine, Sagiru kwance da zazzaɓi.
Haladu bai ɗaga murya ba:
"In za ka tafi, ajiye mini makulli."
Na ajiye. Hannuna na rawa.

Iya Tabawa ta dubi buhunan, ta dubi mata,
ta gyara ɗaurin zani, ta ce,
"Yo da inji aka haife mu?
Ku fito da turame. Kai kuma, wuce."

Lugude ya raka ni har bakin kwalta.
Ban taɓa jin taɓarya ta yi magana haka ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
biyar na haye, ɗaya ta kayar da ni,
sai baɗi mu sake gwada ƙwanji.
Haladu kuwa kwana uku ya yi yana murɗa,
injin ya ƙi ko tari.
Ran na huɗu ya aiko da makulli a hannun jikarsa,
babu saƙo, sai goro guda.

Yanzu dare ya raba, kunnena bai yi shiru ba.
Na buɗe littafi, gari ya zubo daga tsakiya,
kiyashi sun zo suna kwasa a kan layi,
su ma ga su nan, aiki a cikin karatu.
Na hure musu hanya, na juya shafi.
Ga sunan Uwale.
Har yau ba ta biya ba.