Kuɗin Gidan Bagalam

Na ce miliyan ashirin.
Dillali Nomau ya ture hula, ya sosa ƙeya,
ya dubi katangar yamma da damina ta lasa,
ya ce, "Inna Barmini, wa zai saya?"

Na ce, ka ga tsamiyar nan?
Uban yaran ya dasa ta ranar sunan Gado.
A dakalin can ya yi la'asar ɗinsa ta ƙarshe.
Ya ce, "Allah ya jiƙan maza.
Amma mai saye ba ya biyan kuɗin kewa.
Fili yake aunawa, da kwano, da famfo,
da ko mota na shiga lungun."

Wata uku shiru.
Wani daga Tibiri ya taya sha ɗaya, na ce albarka.
Wani ya ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana,
ya kaɗe riga ya fita.
Gidan Arzika, da ya fi nawa ɗaki biyu,
sha huɗu aka sallama shi tun kafin azumi.

Daren jiya na zauna da fitila
ina tsince nawa daga na kasuwa.
Bulo da ƙofar ƙarfe, na kasuwa ne.
Tarinsa na asuba kuwa,
da ni zai tashi, ko a Zinder ne.

Da safe na aika wa Nomau:
sha uku da rabi.
Sai dai a bari in kaɗe tsamiyar bana
kafin in miƙa makulli.