Tambaya Ta Bakwai

Ta shigo Panteka rungume da takardu,
Barira, ɗaliba daga jami'ar jiha,
ta tsallake kwatar baƙin mai da tarkacen rodi,
ta ce, "Malam Tasi'u, minti biyar kacal."
Na kashe injin walda, na goge hannu a wando.
Biro ya zama baƙo a tsakanin yatsuna.

Akwati biyar a gaban kowace magana:
na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsaka-tsaki,
ban yarda ba, ban yarda ba sam.
Kamar an jera mudu biyar
an ce zuba ranka mu ga wanda zai cika.

Awa nawa kake yi a waya kullum?
Na ce, har da lokacin da aka ɗauke wuta
nake zaman jiran caji a shagon Ɗanbala?
Ta yi murmushi. "Kintata kawai."
Na kintata. Na zabge biyu don kunya.

Abokai nawa gare ka a ciki?
Dubu da ɗari huɗu.
Ranar da tartsatsi ya faɗa mini a ido
mutum biyu suka kai ni asibiti,
ɗaya ma ɗan acaɓa ne, ban san sunansa ba.
Takardar ba ta bar gurbin wannan ba.

Sai ta bakwai:
"Nakan ji an yanke ni daga duniya
idan na wuni ban leƙa ba."

Barira, ta ina zan faro miki?
Ƙanena Mudansir ya hau motar Agadas
damina uku ke nan.
Saƙonsa na ƙarshe: "Yaya, mun kusa ruwa."
Tun ranar, ɗigon koren nan na gefen hotonsa
bai sake kamawa ba.
Ba barkwanci nake bi ba, ba cacar bakin siyasa ba.
Ina dubawa bayan sallar asuba,
ina dubawa a Kawo in cunkoso ya riƙe mu,
tsakanin ƙyaure da ƙyauren da nake haɗawa,
da dare kuma, in Inna ta tambaye ni da ido.
Sau arba'in? Sau sittin?
Wa yake ƙirga numfashinsa?

Ban faɗa mata ko ɗaya ba.
Na danna biro a akwatin farko
har ya huda takardar.

Ta ce za a haɗa ni da mutum ɗari uku,
a tara, a raba, lamba ɗaya ta fito
mai nuna zurfin da muka yi.
Na ce Allah ya ba da sa'a.
Tambarin yatsana na baƙin mai
ya bi ta a gefen shafin.

Ko kwana ba ta sha ba, aljihuna ya girgiza.
Na yar da sandar walda, na zaro da rawar hannu.

Kamfanin layi ne.
Wai datata ta kusa ƙarewa.