Iskar da Ba a Ƙirga Ba

Tun da sanyin Yuli ya sauka Río Mayo
a-kori-kurar mahaifina ta daina yin silo.
Ka tayar da ita, ƙafarka ko kusa da totur ba ta je ba,
allura ta haye dubu biyu ta kafe a can,
tana gurnani kamar mai latti,
alhali buhunan ulu na nan jibge, ba inda za mu.

Na fara da abin da ido ke gani.
Wayar totur na ja, na saki, ta koma ɗakinta.
Shimfiɗar ƙasa ba ta danne feda ba.
Na kwance bawul ɗin silo, kusoshi biyu,
ɗaya ta faɗa ciyawa, na yi rabin awa ina rarrafe.
Baƙi ƙirin na same shi.
Na wanke da fetur da tsohon burushin haƙori,
na mayar, na murɗa makulli.
Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai na zargi sensar zafi,
mai faɗa wa kwamfuta ko inji ya ɗumama.
In ta yi ƙarya, kwamfuta sai ta ɗauka kullum asuba ce,
ta yi ta ɗura mai,
kamar mai lulluɓa wa yaro bargo da rana tsaka.
Kwana tara na jira sabuwa daga Comodoro.
Na ɗaura.
Dubu biyu.

Ranar Laraba Evaristo Huenchul ya biyo neman aron igiya.
Shekara saba'in, kunne ɗaya ya mutu,
mai ran ya juyo wa bonet.
Ya zuƙi shayin mate har ƙoƙon ya yi kuka, sannan ya ce:
"Nélida, kin tuhumi mai, kin tuhumi wuta.
Injin nan a bakin ƙofa yake ƙirga iska.
Wadda ta shigo ta taga ba ta cikin littafi."

Iska kuwa, a ƙasar nan ita ce mai gari.
Ita ta tanƙwara kowace bishiya ta kalli gabas.
Yaya za ka ji fito ɗan siriri
a inda duniya duka ke fito?

Muka tura motar rumfar sausayar tumaki,
muka rufe ƙyaure, muka cusa buhu a kowace kafa.
Na toshe maƙogwaron inji da safar hannu ta roba,
na zare tiyon da ke zuwa birki.
A aljihun gaban mota akwai kwalin taba,
kara uku, sun bushe tun kafin jana'iza.
Evaristo, da ya bar taba shekara goma sha ɗaya,
ya kunna ɗaya, ya cika kumatu, ya hura cikin tiyo,
ya yi tari har da hawaye, ya sake hurawa.

Shiru.
Na haska tocila.

Can baya, inda hannu ke shiga ido bai bi shi ba,
wani zaren hayaƙi na tashi a hankali.
Na laluba, na jawo:
ɗan tiyo, bai fi ƙaramin yatsa ba,
an naɗe shi da baƙin salatif, naɗi bakwai,
ƙarshen an lanƙwasa don a samu na kamawa.
Mutum ɗaya na sani mai lanƙwasa salatif haka.
Bai taɓa faɗa min ba.
Ya ce zai canza shi gobe, na tabbata,
sai goben ta zo babu shi.

Na yanko sabo daga tsohuwar tarakta, na tura har ya zauna.
Makulli.
Allura ta tashi, ta yi jim,
ta gangaro kamar tunkiya mai saukowa rafi,
ta tsaya ɗari bakwai da hamsin.

Har muna jin iska a kan kwano.

Evaristo ya tafi ya manta igiyar.
Tsohon tiyon na jefa aljihun mota,
kusa da kara biyun da suka rage.